Shekarar da Kawu Bai Je Makka Ba

Akwai maganar da ake yi a kaina a garin nan, na kuma san ta iso kunnuwanku ko da ba wanda ya taɓa tunkarata da ita a cikinku. Cewa ake yi ni na hana Kawu Laminu zuwa Makka. Masu faɗinta a yau, rabinsu ba su ma iso Amurka ba lokacin da abin ya faru, sauran rabin kuwa suna nan, amma ba wanda ya leƙa ya ga ƙafar. Na daɗe ina yin shiru, don a gidanmu ba a koya mana tsayawa wanke kai a bainar jama'a ba. To amma yanzu na ajiye aiki, gwiwoyi sun fara yi mini gardama, ba na kuma son bayan raina ku riƙa sunkuyar da kai a gidan suna in an ambace ni. Saboda haka ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta kwance ƙyallen da hannunta.

Ku ƙanana kun san Kawu ne yana tsoho mai ɗingishi, mai faɗa in an taka masa shuka. Ni na san shi tun yana da ƙarfinsa. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tarye mu a filin jirgi ranar da muka iso daga Damagaram, ni da babanku da Zainab tana goye, a gidansa na McLeansville kuma muka zauna har muka tsaya da ƙafarmu. Ya yi aiki a kamfanin kujeru har aka rufe shi, ya koma wajen ajiyar kaya yana tuƙa motar ɗaga kwali. Bayan gidansa akwai fili, ya mai da shi gona: kuɓewa, yakuwa, barkono, da kaji masu yawo kamar a ƙauye. Buri ɗaya gare shi, ya sauke farali. Duk shekarar da ya shirya sai wani abu ya taso a gida, ko rashin lafiya ko ruwa ya rushe ɗakin wani, ya kwashi abin da ya tanada ya aika. Sa'o'insa duk suka zama Alhazai, shi ana ta ce masa Malam. Bai taɓa nuna abin yana damunsa ba, amma matarsa Anti Zara ta gaya mini in an je tarbar mahajjata, ya dawo ba ya cin abinci. A shekarar da nake ba ku labari, a ƙarshe ya samu kujera.

Ni kuwa a shekarar ina tsakiyar karatun aikin jinya. Kafin nan na daɗe ina kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, a wani gida mai ɗakunan da ba wanda ke shiga. In yi mata wanka, in ba ta abinci, in juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ita ce ta fara sa mini abin a rai, ta ce akwai kos na shekara biyu a kwalejin gari, wanda manya ke shiga suna aiki suna karatu, rabi a aji rabi a asibiti. Na shiga ina da shekara arba'in da 'yan kai. Kada wani ya gaya muku da sauƙi. Lakwal ɗin da na yi a gida, wato makarantar boko, da Faransanci na yi ta, Ingilishina kuma na kasuwa ne da na kicin. Sai ga ni a gaban littafi mai nauyin turmi, kowace gaɓa ta jikin ɗan Adam da suna mai tsawon igiyar guga. In na karanta da ƙarfi don ya zauna mini, Zainab tana can kan kujera da waya a hannu, ko ɗagowa ba ta yi, sai ta gyara mini furucin da Ingilishi. Yarinyar da ni na koya mata cewa ruwa. Duk gidan nan ba wanda ban ɗaure wa abin awon jini a hannu ba, har kuka riƙa gudu in kun ji ƙarar zif ɗin jakata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba ni wahala babanku ne da bakinsa. Ko wata ban yi da fara zuwa aji ba, na je sayen nama a shagon 'yan garinmu, mai shagon ya ce mini sannu da zuwa Dakta. Na dawo gida na sami babanku yana shan shayi.

"Malam, me ka je ka faɗa a masallaci?"

"Me na faɗa? Na ce kin shiga karatun likita."

"Karatun nas na shiga. Kuma ko allura ba a ba ni na riƙe ba tukuna, mutum-mutumin roba muke yi wa wanka."

"To nas da likita ai duk asibiti ne. Ke dai ba kya son a yabe ki."

Daga ranar ban sake cin abinci cikin kwanciyar hankali a gidan biki ba. Ina kai loma sai wata ta zauna kusa da ni, ta zazzage leda cike da kwalaben magani a kan zanena, ta ce Dakta duba mini wanne ke sa ni jiri. Wata ta miƙo mini waya da hoton ƙirjin wanta da aka ɗauka a Maraɗi, in faɗa mata ko a yi aiki ko kada a yi. Wani dattijo ya tare ni a wajen ajiye motoci, wai in rubuta masa takardar magani tunda likitansa rowa gare shi. In na ce ban sani ba, a ce karatu ya sa ni girman kai. In na ce a je asibiti, a ce to ina amfanin karatun. Sannan ga rakiya. Duk wadda za ta ga likita ba ta jin Ingilishi, ni za ta kira in yi mata tafinta, ni kuma da kunyar cewa a'a. A haka na cinye duk uzurin fashin da makaranta ta yarje wa ɗaliba, tun zango bai yi nisa ba. Ku riƙe wannan, don zai yi mini tsada a gaba.

Malamarmu ta aikin hannu sunanta Mis Karol, baƙar fata ce 'yar garin nan, gajeruwa, ta tsufa a cikin asibiti. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Wata rana ta kashe fitila ta nuna mana hotunan ƙafafun masu ciwon suga, daga ɗan tsagu kamar faso har zuwa inda ba a iya kallo. Ta ce irin wannan ƙafar ba ta jin zafi, shi ya sa take kashe mai ita. Da ta kunna fitila sai ta dube mu, mu da yawancinmu baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, ta ce ta san yadda gidajenmu suke. Ta ce akwai ranar da wani namu zai kira mu ya ce mu ɗan duba masa wani abu. Mu duba, ba laifi. Amma ɗaliba ba ta da majinyaci a waje, kuma bandejin da aka ɗaure a kan abin da ya fi ƙarfinsa ɓoyewa ne, ba magani ba.

Ranar da tawa ta zo, ranar jarrabawar aikin hannu ce, wadda in ba ka yi ba ba ka wuce zangon. Bayan azahar za a yi. Da hantsi ina gugar rigar makaranta sai ga wayar Anti Zara.

"Dije, in kin samu hali ki biyo. Kawunki yana son ki ɗaure masa ɗan ciwo a ƙafa kafin tafiya."

"Anti, wane irin ciwo?"

"Ni ma ban gani ba. Ya ce ƙaramin abu ne, wai wani abu ya taka a gona."

Saura 'yan kwanaki jirginsu ya tashi. Na san Kawu yana da suga, na kuma san yadda yake shan maganinsa, wato in ya tuna. Na sa rigar, na ce in biya in duba sai in wuce makaranta daga can.

Na iske falon cike da shiri. Jakunkuna a buɗe, harami fari fat a ninke a kan kujera, sababbin silifa ko ledarsu ba a cire ba. An turara ɗakin sosai, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari da na riga na sani daga asibiti. Kawu yana zaune, fuskarsa tana ƙyalli da gumi, ga huffi a ƙafarsa cikin wannan zafin. Ashe da shi yake ɓoyewa. Ya yi makonni yana shafa a kansa in zai yi alwala, in kuma zai cire sai ya kulle banɗaki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ce ga Daktarmu ta iso. Huffin ya ƙi fita don kumburi, sai da na sa almakashi. A ciki ya naɗe ƙafar da tsumma, ya shafa zuma da man kaɗe da wani baƙin gari da aka aiko masa daga gida. Da na kwance, Anti Zara ta sa gefen mayafi ta toshe baki ta koma da baya. Babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi. Na kusa da shi ya fara bin sa. Tafin ƙafar yana fitar da mugunya, ja kuma ya hau har ya wuce idon sawu. Na danna wajen da yatsana, ko motsi bai yi ba. Na taɓa goshinsa, kamar murhu.

"Kin gani? Ko ciwo ba ya yi," in ji shi. "Shi ya sa na ce ƙaramin abu ne."

"Kawu, rashin ciwon shi ne abin tsoron. Wannan ba na ɗauri ba ne. Asibiti za mu, yanzu."

"Ba inda za ni. Na san su. In na shiga da ƙafa biyu, da ɗaya zan fito, jirgi kuma ba zai jira ni ba. Ki wanke, ki sa maganinku na Turawa, ki ɗaure da kyau yadda zai kai ni. In na isa na zuba masa zamzam."

"Ba zai kai ka ba. Abin ya shiga jini."

"To in can Allah ya rubuta mini, ina ya fi can? Mutane roƙo suke yi su cika a wurin. Ke ce za ki tsaya tsakanina da shi?"

Wannan ita ce maganar da masu zargina suka riƙe, ba kuma zan raina ta ba. Magana ce mai nauyi, ni ma Musulma ce, na san abin da yake nufi. Amma ni ina durƙushe ina kallon ƙafar, abin da nake gani shi ne Kawu a sume a kujerar jirgi a saman teku, ko a shimfiɗe a wani filin jirgi na canji cikin mutanen da ba su san sunansa ba, bai ga Ka'aba ba, bai kuma ga iyalinsa ba. Na roƙe shi. Na yi masa bayani da Hausa, na ƙara da Faransanci ko zai fi jin abin da girma. Na ce ko da ina so, ba a ba ni izinin taɓa irin wannan ba. Sai ya canza murya.

"Dije, ni na ɗauko ki a filin jirgi. A ɗakin can kika kwana. Ban taɓa neman komai a wajenki ba sai yau. Ƙyalle kawai na ce ki ɗaura mini."

Na fita baranda na kira babanku a wajen aiki, ina tsammanin zai zo ya yi masa magana ta maza. Na faɗa masa duk abin da na gani.

"To ki yi masa abin da ya ce mana, ai babba ne," in ji shi. "Kada ki jawo mana magana."

Mutumin da ya cika gari da cewa ni likita ce, ranar da na faɗi magana ta likita guda ɗaya, ya ce in bi abin da mara lafiya ya ce. Na kashe wayar. Ta taga Kawu ya gan ni ina dubanta, ya gane. Ya ɗaga murya ya ce in na kira masu motar asibiti, ba shi ba ni. Na kira.

Kun san yadda suke yi a ƙasar nan. Ka nemi motar asibiti, sai sun haɗo maka da ta kashe gobara. Haka suka shigo layin da jiniya, jar mota kamar gida a gaba, kajin Kawu suka watse cikin kuɓewa, maƙwabta Turawa suka fito bakin ƙofa. Mutumin da ya yi makonni yana ɓoye ƙafarsa ga matarsa, ga shi ƙarti da takalma sun cika masa falo suna kallonta. Suka gwada shi. Zafin jiki ya hau, jini ya sauka. Suka ce ya kamata ya bi su, ya ce ya gode, ba ya zuwa. Suka dube ni suka ce mutum mai hankalinsa ba a ɗaukarsa dole. A raina na ce shi ke nan, na ɓata da Kawu a banza. Sai ya yunƙura zai raka su bakin ƙofa, don ya nuna musu lafiyarsa lau, kuma don Kawu ba ya barin baƙo ya fita ba rakiya, ko da baƙon da bai gayyata ba ne. Taku kaɗan ya yi ƙafafun suka ƙi. Ya zube a kan jakar tafiyarsa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai yanzu da Anti Zara ta riga mu gidan gaskiya ba wanda zai dame ta. Ita ce ta yi magana. Matar da ban taɓa jin ta musa masa ko a kan gishirin miya ba, ta durƙusa a kansa.

"Malam, ka bi su. Don Allah ka bi su. Ni ban shirya takaba ba."

Ya dube ta, sannan ya ce to, su duba, amma kafin la'asar yana son ya dawo gidansa.

A asibiti likita ya duba, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Ya dawo ya ce ciwon ya kai ƙashi, ya kuma shiga jini, dole a yanke gaban ƙafar a ranar, sannan makonni ana ba shi magani ta jijiya. Aka nemi tafintan Hausa ta waya, aka yi ta jira ba a samu ba. Kawu yana jin Ingilishin aiki, amma ba irin wannan ba, ga zazzaɓi. Kowa ya juyo ya dube ni. Nan ne na yi asarar da ta fi kowacce. Likita ya faɗa da Ingilishi, amma Kawu a bakina ya ji, da Hausar gidanmu, cewa za a yanke masa ƙafa kuma bana babu Makka. Ya sa hannu a takarda, ya juya fuskarsa bango. Sai da aka tura shi ɗakin aiki na dubi agogo, na tuna da jarrabawa. An daɗe da tashi.

Washegari na je wajen Mis Karol na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin da na yi shi ne daidai, da ita ce ma haka za ta yi. Har na fara sakin ajiyar zuciya. Sai ta ce amma uzurina ya riga ya ƙare tun tuni, abin da ya rage kawai shi ne na gaggawa, shi kuma na dangin kusa ne: miji, ɗa, uwa, uba.

"Kawuna ne," na ce mata. "Ƙanen uwata."

"Na ji. A dokar makaranta ba ya ciki."

Na rasa ta inda zan fara fassara mata kawu. Mutumin da in uwarka ba ta nan shi ne uwarka, wanda ake kai wa ƙararka, wanda ya ba ni ɗaki da katifa. A can gida ana cewa na yi wa ubana rashin kunya, a nan ana cewa ba dangina na kusa ba ne. Ta yi iya ƙoƙarinta, ta kai maganar sama, aka dawo da ita yadda ta tafi. Sai na maimaita zangon, shi ma sai na jira zagayowarsa. 'Yan ajinmu suka gama suka bar ni. Na koma Irving Park ina juya tsohuwa, littafin yana cikin jaka.

Jirgi ya tashi ba Kawu. Abokan tafiyarsa suka dawo da dabino da zamzam, suka zo gaishe shi yana kwance, kowa ya fita yana girgiza kai. Daga nan maganar ta fara. Wai da na rufa masa asiri na ɗaure, da ya je ya dawo sannan a yi aikin. Wai yaran yanzu in sun yi karatun Nasara ba sa ganin girman kowa, ni da nake da 'ya budurwa a lokacin. Wata ma cewa ta yi wai makaranta ke ba mu maki in mun kai mutum asibiti. Babanku kuwa, in likita ya yaba a gabansa sai ya ce ai shi ya ce mini in yi sauri in kira, in kuma yana cikin dattawa sai ya ce ya hana ni ban ji ba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa iya zama a ɗakin da ake jin haushinsa ba. Riba ɗaya na ci a cikin abin duka: aka daina ce mini Dakta, aka daina zazzage mini magani a kan zane.

Da Kawu ya warke ya koyi tafiya da takalmi na musamman, mun sa rai zai je wata shekarar. Allah bai nufa ba. Sugan ya riga ya taɓa ƙoda, kafin wani aikin Hajjin ya zagayo an fara yi masa wankin ƙoda, daga nan tafiya mai nisa ta ƙare. Da ya je ya dawo, da yanzu ba wanda ke tuna wannan labarin. Bai je ba, sai laifin ya zauna a kaina. Ya daina yi mini magana. In na je na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon taga. Ranar da na gama karatu aka maƙala mini alamar nas a ƙirji, Anti Zara ta zo ita kaɗai da kwanon dambu. Ban daina zuwa gidan ba. Uwata ba ta haife ni don in yi gaba da ƙanenta ba, ko shi yana yi da ni.

Ya rayu shekaru masu dama bayan nan. Ya aurar da autarsa, ya ɗauki jikoki, ya ci gaba da shuka kuɓewa daga kan kujera yana ba da umarni. Bayan na kama aiki a asibiti, wata Juma'a da yamma na biya da kayan aikin a jikina. Yana zaune a inuwa a bayan gida. Na gaishe shi, ya amsa wa kaji. Can sai ya kira Anti Zara, alhali ga ni a gabansa.

"Zara, ki ce wa nas ɗin nan ta duba mini ɗaya ƙafar. Amma ki gaya mata ta ajiye wayarta a mota."

Na je na ajiye wayar a mota. Na dawo na cire masa safa, na duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, na yanke masa farce, na shafa mai. Lafiya lau take. Tun daga ranar ya zama aikina na Juma'a, har ƙarshen ransa. Magana ta dawo a hankali, yawanci faɗa ne, ko na makara ko hannuna ya yi sanyi. Maganar Makka ba mu taɓa ta ba.

Sai a damina ta ƙarshe, lokacin ya rame har ina iya ɗaga ƙafarsa da hannu ɗaya. Ina shafa masa mai, bai dube ni ba ya yi tambayar.

"Dije. Da kin ɗaure mini a ranar nan, da na kai?"

Na san amsar da za ta wanke ni. In ce a'a Kawu, da ba ka kai ba, likita ma ya faɗa. Da ya karɓa, wataƙila ma da ya ji sanyi. Amma na ga abubuwa da yawa a asibiti zuwa lokacin. Na ga wanda aka ce ba zai kwana ba ya yi shekara, na ga wanda aka sallama da dariya ya faɗi a bakin ƙofa.

"Ban sani ba, Kawu. Wataƙila da ka kai."

"To kin gani."

"Na gani. Ka yafe mini baƙin cikin da na sa ka. Amma ko yau ce, zan kira su."

Kaji suna ta tono a gindin yakuwa. Can ya ja numfashi.

"Na sani," ya ce. "Taurin kan uwarki ne, tun muna yara haka take. Sa mini safar, sanyi nake ji."

Na sa masa.